Igiyar Fata da Haƙorin Kura

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta ƙaraso mu ji ta.

Wata shekara kogi ya cika, ya kewaye tudun da Bushiya da Kura da Kunkuru suke zaune. Ba wanda ya taɓa ƙera abin tsallake ruwa a cikinsu, sai suka ɗaure karan dawa da igiyar fata suka tura. Ya wargaje. Suka sake, ya sake wargajewa. Ruwa kuwa har ya kawo bakin ramin 'ya'yan Bushiya.

Kura ta ce, "Maza a ɗaura na uku!"

Bushiya ta ce, "Yaya Kura, karan da ya rage na gwaji ɗaya ne. Mu zauna tukuna, kowa ya faɗi abin da ya gani. Ni dai ɗaurina bai yi ƙarfi ba."

Kunkuru ya ce, "Ni da na nutsa ƙasa, na ga igiyar duk sawun haƙori."

Bushiya ta tsorata, don ta san fushin Kura. Can sai Kura ta sunkuyar da kai ta ce, "Ƙanshin fatar ne ya fi ƙarfina. Kowane ɗauri sai na ɗan gatsa."

Bushiya ta ce, "To mu murza igiyar rama, ke mai ƙarfi ki ja ɗaurin."

Haka aka yi. Suka hau, Bushiya ta rungume 'ya'yanta ta runtse ido, ba ta buɗe ba sai da ta ji karan ya daki yashin tsallake.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa tukunya!