Sunan Jaririyar Tanimu

To, ku gyara zama, yau da gardama na zo muku, kuma ba mai tashi sai ya faɗi nasa.

A wani ƙauye da ke hayin kogi an yi wani manomin albasa, Tanimu, mutum ne mai fara'a, sai dai taurin kai kamar me. Matarsa Saude tana da tsohon ciki, damina kuma ta kankama. Kowa a garin ya sani, da zarar an tafka ruwa a gabas kogin ya kawo, mota ba ta ƙara ƙetarewa sai ya janye. Tanimu ko a jikinsa. 'Ya'yansa duka a ɗaki aka haife su lafiya lau, a ganinsa wannan ma haka za a yi.

Ƙauyen yana da ɗan asibiti. Babu likita, sai nas guda, amma akwai na'urar hoton ciki da ake soka wayarta a gefen kwamfuta, a 'yar kafar nan da ake ce wa USB. Nas za ta goga na'urar a cikin mace, likita kuma tana zaune a birni, sai ta shigo kwamfutar ta intanet, ta ga allon kamar a gabanta yake. Wuta kuwa ta sola ce. To nan ne mata uku suka shigo labarin.

Ta farko Sahura, nas ɗin. Ranar da Saude ta zo awo ta ambaci ɗan jinin da ta gani, Sahura ta taɓa cikin, hankalinta bai kwanta ba. Aka kira likita, aka fara ɗaukar hoto, hoto ya fito, sai ɗif, ya ɗauke. A cire waya a mayar, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Tanimu ya gaji, ya miƙe ya ce shi fa yana da shuka, Saude ta ɗauko mayafinta. Sahura ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wallahi matar nan ba ta fita sai an ga abin da ke cikinta, in yana so ya kai ƙararta wurin mai gari. Kuma duk cikin wannan rigima idonta na kan abu ɗaya: ta lura hoton ba ya mutuwa sai hadari ya rufe rana, wutar sola ta yanke, kwamfuta ta koma kan batirinta.

Nan jikin Tanimu ya yi sanyi, don bai taɓa ganin Sahura ta ɗaga murya ba. Tsoro ya kama shi sosai. Ya koma ya zauna, ya ce a gaban kowa, duk wadda ta fitar da shi daga wannan, in mace aka haifa sunanta zai sa.

Ta biyu Uwani, ƙanwar Tanimu, mai gyaran kwamfuta a kasuwar birni. Da ma ya sha yi mata tsiya wai ta bar surfe ta koma tone-tonen ƙarafa. Yau ga shi ya kira ta a waya. Kowa a asibitin ya riga ya ɗora laifin a kan intanet, amma Uwani ta tambaya, idan hoton ya ɗauke, likita tana ci gaba da ganin allon? Aka ce tana gani. Ta ce to intanet ba ruwansa, na'urar ce ake yanke wa wuta. Da Sahura ta faɗa mata zancen hadarin, sai ta yi dariya.

"Yaya, kwamfutar ce mai tsimi irinka," in ji ta. "Da ta ji ta koma kan batir, sai ta kashe wa kafar wuta don ta yi tattali."

Kamar dai uwargida da ke bi tana kashe fitilar ɗakin da take zaton ba kowa. Uwani ta shigo kwamfutar daga shagonta, ta bi saitin wuta ta hana wannan tsimin, ta bi kafofin ɗaya bayan ɗaya ta cire musu izinin yin barci. Ta ce kada a yarda da ita tukuna, a zare wayar caji a gani. Aka zare. Hoto ya tsaya ƙyam.

Ta uku Dakta Rumasa'u, likitar nan ta birni. Lokacin tashinta ya wuce tuni, ga nata gidan yana jiranta, amma ta ƙi barin kujerar duk tsawon wannan ɗauke-ɗauken. Da hoto ya zauna, Tanimu ya leƙa allon, bai ga komai ba sai baƙi da toka. Sahura dai kan jariri kawai ta gane, Uwani kuwa ta ce ita iyakarta ke nan. Likita ce ta ce a ɗan karkata na'urar ƙasa, sannan ta ce mabiyiya ce ta sauko ta tare hanyar fita. In naƙuda ta kama Saude a gida, jini ne zai ɓalle, kuma ba mai iya tsayar da shi a ƙauye. Ta ce a kawo Saude asibitin birni yau, ba gobe ba.

Tanimu mai taurin kai, sai ga shi da gudu yana neman mota. Suka ƙetare kogi ruwa iya taya, iska na kaɗawa. Washegari kogin ya cika ya batse, ko mai iyo ba ya gigin shiga. Da lokaci ya yi, Dakta Rumasa'u da hannunta ta yi wa Saude aiki, aka ciro jaririya mace, kumatu ɓul-ɓul, uwa lafiya, 'ya lafiya. Tanimu ya yi kukan daɗi a gaban mutane, bai ji kunya ba.

Ranar suna ruwa ya janye, gida ya cika, an soya nama, an raba goro, matan nan uku duk sun zo suna zaune a tabarma ɗaya a ɗakin mai jego, ana ta raha. Ba wadda ta tuna masa alkawari, sai Saude, ta aiko masa cewa bakinsa fa ya faɗa, kuma 'ya ɗaya ce. Ya ce ko a haɗa sunayen, liman ya ce a'a, "wadda" ya ce, bai ce "waɗanda" ba.

Tanimu ya zauna yana juya abin. Ba don Sahura ba, da ya kwashi matarsa ya tafi gida, da kuma ba a san hadari ne ke kashe hoton ba. Ba don Uwani ba, da an kwana ana cire waya ana mayarwa har kogi ya kawo. Ba don likita ba, da hoton ya tsaya ƙyam kowa na kallo ba mai karanta shi. Liman ya matso, ya kawo kunne don a raɗa masa suna, wanzami na jira da askarsa.

To jama'a, ga liman can har yanzu kunnensa a karkace. Tsakanin Sahura da Uwani da Rumasa'u, sunan wa ya kamata Tanimu ya raɗa?