Kurege da Gorar Eriya

Ga ta nan, ga ta nanku, da ɗuminta.

Ta zo mu ji ta.

To, ji kam za ku ji. Gani ne ban yi muku alkawari ba.

Wai a wani daji akwai mashaya guda ɗaya tal da ba ta ƙafewa da rani. Sarkin Mashaya, wani tsohon Ɓauna, ya kwanta dama, aka ce a zaɓi wani. Masu neman kujerar su biyu ne, Kada da Kura. Kada ya ce shi ɗan ruwa ne, ya san matsalar ruwa tun daga ƙasa. Kura ta ce ita ta san masu shan ruwan ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje. Duk cikinsu babu wanda ya yi ƙarya.

Sai aka ce su je birni su yi muhawara a gidan talabijin, jama'a su gani da idonsu, su zaɓa da hankalinsu.

Dabbobin suna da talabijin, kada ku raina su. Daga bayan wata mota ta faɗo, har da batirinta, kuma ba a sami wanda ya bi direban da ita ba. Aka girke ta a kogon kuka. Eriyarta murfin tukunya ce da waya, an ɗaure a kan doguwar gora can bayan kukar. Ƙasar wurin rairayi ce, gora ba ta tsayuwa da kanta, sai an riƙe ana juyawa. Mai riƙon ba ya ganin allo. Ya juya, ya ce, “Ya yi?” 'Yan kallo su ce, “Bai yi ba.” Ya ƙara juyawa, “Ya yi?” Su ce, “Ya yi, tsaya nan.” In kuwa ya kauce ko da taƙi guda, hoto ya ɓace, murya ta ɓace, allo ya cika da fararen ɗige-ɗige masu tsalle, abin da 'yan dajin ke kira shinkafa.

Kurege ne mai riƙon gora. Shi ya ce ya san inda iska ke kwana, ba a kuma sami mai musu ba, don ba mai son tsayuwar.

Ana gobe tafiya birni, Kada ya aika a kira shi bakin ruwa. Kurege ya je, ya tsaya daga nesa kaɗan, ya durƙusa.

“Malam Kurege, ga buhun gyaɗa nan, a kai wa iyali.”

“Ranka ya daɗe, ban da iyali, amma za a kai.”

“Gobe in ina magana, a gan ni tas. In waccan ta buɗe baki, ka san iska.”

“Iska ba ta da tabbas, ranka ya daɗe.”

“Haka ne. Kana dai shan ruwa, ko?”

“Ina ɗan taɓawa.”

“To madalla,” in ji Kada, ya nutse.

Kurege na jan buhu, yana nishi, sai ga Kura zaune a kan hanya, da nata buhun a gefe. Ya tura nasa cikin ciyawa, ya zauna a kai.

“Ƙanena, aya ce, mai zaƙi. Na ce wa zan ba in ba kai ba?”

“Allah ya ja zamanin Hajiya.”

“Gobe in ina magana, a gan ni tas. In wancan mai dogon bakin ya soma, ka san aikinka.”

Kurege ya dubi buhun aya. Mai hankali cewa zai yi ya ƙoshi. Kurege ya ce, “An gama, ranki ya daɗe.”

“Raminka yana nan gindin aduwa?”

“Yana nan.”

“Ƙofa biyu gare shi, ko?”

Kurege ya gyara zama a kan buhunsa.

“Na san ta ukun ma,” in ji Kura, ta yi dariya, ta wuce.

Ka ga Kurege da buhu biyu da wuya ɗaya. In ya ɓata wa Kada, ba shi ba ruwa. In ya ɓata wa Kura, ba shi ba tudu. Shi kuwa ba tsuntsu ba. Ya yi tunani ya yi tunani, bai sami mafita ba, sai ya ci gyaɗa kaɗan, ya ci aya kaɗan, ya ce gobe ma rana ce. Rami ba ya ɓoyuwa tunda Kura ta san ƙofofinsa, saboda haka ya cusa buhunan cikin wani rarakakken kututture da 'yan kallo ke zama a kai, inda zai riƙa hangen su daga gindin gora.

Kashegari da la'asar daji ya hallara. Magoya bayan Kada suka zauna dama, na Kura suka zauna hagu. Gwanki na tare da Kada, wai ya fi kama da shugaba in ya yi shiru. Barewa na tare da Kura, wai ko ba komai tana da fara'a. Gwaggo Bushiya, wata tsohuwa da ba ta da ɓangare, ta zauna tsakiya a kan kututture, aka bar mata fili don ƙayarta.

“Ya yi?”

“Ya yi, tsaya nan.”

Ga Balbela alƙalin muhawara, cikin farar riga, tas kamar a taɓa. Ya gyara murya ya ce, “Mai girma Kada, bara an ce 'yan maruƙan ɓauna bakwai sun je shan ruwa, biyar suka dawo. Me za ka ce?”

Kada ya buɗe baki. Kurege ya tuna ƙofa ta uku. Ya juya gora.

Shinkafa.

“Ya yi?”

“Ya yi!” in ji 'yan hagu gaba ɗaya.

“Bai yi ba, juya mana,” in ji 'yan dama.

“Wasu sun ce ya yi, wasu sun ce bai yi ba,” in ji Kurege. “Ku daidaita tukuna, hannuna biyu ne kawai.”

Kafin su daidaita lokacin Kada ya cika. Kurege ya ɗan waiwayo da gora ya saurara, ya ji muryar Balbela, ya tsaya.

“Mai girma Kura, masu zuwa mashaya da asuba suna kuka da rashin tsaro a hanya. An ce kuma a hanyar kike kwana.”

Kura ta buɗe baki. Kurege ya ji ƙishirwa ta kama shi. Ya juya gora.

Shinkafa.

“Ya yi?”

“Ya yi!” in ji 'yan dama.

“Bai yi ba,” in ji 'yan hagu.

Haka aka yi ta yi. Balbela ya fito, a gan shi tas. Ɗan takara ya buɗe baki, shinkafa. Tambayoyi kam an ji su duka, masu kyau ƙwarai. Amsa ce ba a samu ba, wanda kuwa manya suka ce ba sabon abu ba ne.

Zaman kallon shinkafa yana sa yunwa. Gwaggo Bushiya ta shaƙi iska, ta leƙa ƙarƙashinta, ta ce, “Wannan icen ƙamshin gyaɗa yake.” Biri ya zura hannu ya jawo buhu. Ya sake zurawa ya jawo wani. Nan take dama da hagu suka manta gaba, aka yi ta miƙa wa juna.

Kurege na hange. In ya saki gora ta faɗi. In ya ce nasa ne a tambaye shi inda ya samu.

“Ya yi?” in ji shi.

“Ya yi,” in ji Biri da baki cike. “Musamman ayar.”

Rana ta yi ja, Balbela ya gode wa masu kallo a gida saboda natsuwarsu, aka kashe talabijin. Jama'a suka miƙe suna karkaɗe ɓawon gyaɗa, ana gunaguni. Gwanki ya ce gobe sai Kada ya ji yadda aka yi masa. Barewa ta ce Hajiya ma za ta ji.

Kurege ya ga in maganar nan ta kwana, shi ba zai ƙara kwana biyu ba. Ya jingine gora, ya sha gaban Gwanki.

“Baba Gwanki, barka da arziki. Ni ina baya, ban gani ba, amma har can na ji ƙasa ta girgiza lokacin da Kada ya ba Kura amsar nan.”

“Wace amsar?”

“Au, kai ma? Na ɗauka 'yan Kura ne kaɗai ke cewa ba su ga komai ba. Su da ma dole su ce haka, an kayar da gwanarsu. Ban san har a cikinku akwai masu taya su ba.”

Gwanki ya tsaya. Ya dubi 'yan hagu, ya dubi Kurege.

“Wa ya ce ban gani ba? Cewa na yi wace daga ciki, don amsoshin da yawa.”

Kurege ya zagaya kuka, ya sha gaban Barewa.

“Yaya Barewa, kin ji abin da 'yan Kada ke shirin yaɗawa? Wai ba a ga komai ba, a soke muhawara. Kunya ce, ba wani abu ba. Wanda aka yi wa kaye shi ke cewa ƙura ta rufe fili.”

“Mu dai mun gani,” in ji Barewa. “Da idonmu.”

Kafin gari ya waye, babu dabba ɗaya a dajin da ba ta ga muhawara ba, har da waɗanda ba su je ba. Gwanki ya ce abin da ya burge shi natsuwar Kada, ko ƙifta ido bai yi ba. Barewa ta ce Kura ta yi magana da hujja, ta kawo misalai uku, na biyun ma ya sa ta hawaye. Aka ce mene ne na biyun? Ta ce ai ba a maimaita irin wannan magana a ɓata ta. Biri ya ce shi ba ya bin son rai: Kada ya fi a zagayen farko, Kura ta farfaɗo a na biyu. Aka yaba masa da adalci. Jemage ya ce shi a juye ya kalla, don haka ya ga abin da sauran ba su gani ba. Mujiya ta kira taro ta yi sharhi a kan yadda kowannensu ya riƙe wutsiyarsa.

Gwaggo Bushiya ta ce, “Ni fa shinkafa na gani.”

“'Yar Kura ce,” in ji 'yan dama.

“Kada ne ya saye ta,” in ji 'yan hagu.

Ta dunƙule ta yi barcinta.

Abin da ya faru a birni kuwa, ni ma a bakin wani Hankaka na ji. Wai tun a tambaya ta biyu Kada ya ji ɗumin fitilun ɗakin, ya hangame baki, barci ya kwashe shi. Kura kuma da aka matsa mata kan maganar tsaro, ta rantse ba ta taɓa cin kowa ba sai da dalili, sannan ta shiga lissafa dalilan. Kowannensu ya kamo hanyar gida kai a sunkuye. Suna isa bakin daji suka tarar da kiɗa, kowa da masu yi masa barka.

Kura ta fara kiran Kurege gefe.

“Ƙanena, an gan ni?”

“Tas, ranki ya daɗe.”

Gashin wuyanta ya miƙe. “Har wurin da na yi maganar dalilai?”

Kurege ya dubi haƙoranta. “Wato tas ɗin, a zuciya. A allo kam an ɗan sami iska.”

“Daga ina zuwa ina?”

“Daga farko zuwa ƙarshe, Hajiya.”

Kura ta sauke numfashi, ta shafa kansa da hannun da take shafa abinci. “Da ma na ce kana da hankali.”

Kada bai yi doguwar tambaya ba. Ya ce, “An ji minshari?” Kurege ya ce ko tari ba a ji ba. Kada ya ce ruwa na Kurege ne, ya sha duk sa'ad da ya ga dama.

Kurege ya ga wuya ya tsira, sai ciki ya tuna masa da kansa. Ya same su su biyun tare, ya ce, “Ranku ya daɗe, kayan nan da aka ba ni, jama'a sun yi walima da su. Ko za a ɗan sake duba bawan Allah?”

Kada da Kura suka dubi juna. A karo na farko a tarihin dajin, bakinsu ya zo ɗaya. Suka ce irin wannan gwani ba a raina shi da gyaɗa, sarauta ta dace da shi. Nan take aka naɗa shi Sarkin Gora. Duk ranar da wani babba zai yi magana a talabijin, shi zai riƙe, ba mataimaki, ba hutu. Manya kuwa, kun sani, ba su cika yin shiru ba. Kurege ya ce ladan fa? Aka ce daraja ai ta fi lada. Jama'a suka yi tafi, suka ce tun da ake muhawara ba a taɓa yin wadda ta fito fes kamar ta bana ba.

Zaɓe kuwa aka yi, aka yi kunnen doki. Aka raba sarauta biyu, Kada ya riƙe ruwa, Kura ta riƙe gaɓa. Masu shan ruwa suka ce an sami canji.

Shi ya sa har yau in ka ga kurege a bakin hanya, sai ka ga ya miƙe tsaye a kan ƙafa biyu, hannuwa a gaba kamar mai riƙe da wani abu, yana waige dama, yana waige hagu. Tambaya yake yi. Kada ka amsa masa, ko me ka ce rabin daji zai ƙaryata ka.

Ƙurunƙus kan murfin tukunya. Darasi kuwa, yara, in za ku karɓi buhu biyu, kada ku ɓoye su inda jama'a ke zama.