Cokalin Malam

Akwai wani tsohon malamin Turanci da 'ya'yansa suke kira Malam Cokali a bayan idonsa. Dalili kuwa, in ana hira da Turanci a teburin cin abinci wani ya yi kuskure, ba ya jira a kai aya. Cokalin shayinsa yake ɗauka ya buga a jikin kofi. Kwal!

Doka ɗaya ya fi riƙewa da ƙarfi. A wurinsa haramun ne a rufe jimlar Turanci da ƙananan kalmomin nan masu haɗa magana, irin su "da" da "a" da "ga" a namu harshen. Haka malaminsa ya koya masa da bulala, haka shi ma ya koyar har ya yi ritaya.

Autarsa ce ta fi shan cokalin, don ita ce mai surutu. Wata rana ta dawo daga kwaleji ta ce, "Baba, malamarmu ta ce masu harshen ma suna rufe jimla da su, ba laifi ba ne."

Malam ya dube ta ta saman tabarau. "Malamar taku, lokacin da na fara koyarwa ko rarrafe ba ta fara ba."

Kwal!

Daga ranar Auta ta naɗe Turancinta a gabansa. A waje tana cin gasar muhawara, a gida kuwa daga "to, Baba" sai "sannu, Baba".

Ana nan, Malam ya faɗi a bakin ƙofar ɗakinsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Da aka sallamo shi, likita ta ja Auta gefe ta ce, "Harshen zai iya dawowa, amma sai yana motsa shi kullum. In ya yi shiru, shirun zai zauna."

Ku kun san mai girman kai. Sau ɗaya ya gwada kiran matarsa, kalmar ta fito a tauye, ya ga tausayi a idonta, sai ya kulle baki. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara bakin mutane ba zai yarda a ji nasa a karkace ba. Mama ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka. Malam ya juya fuska bango.

Wata safiya Auta ta kawo masa shayi, ta gyara masa matashi, ta saka cokalin a hannunsa na hagu mai lafiya. Ta ja kujera ta zauna, ta fara ba shi labarin kwaleji da Turanci. Da gangan take rufe kowace jimla da kalmomin da ya haramta.

Malam ya rufe ido. Ta ci gaba. Yatsunsa suka fara motsi.

Kwal!

"Af, Baba, me na yi?" in ji ta. "Ni ban ga kuskure ba."

Ta ƙara wata. Kwal! Kwal!

Mama ta leƙo daga kicin. "Ke Auta, so kike ki ƙarasa min shi?"

"Mama, bar mu, darasi muke yi. Sai dai malamin ya ƙi faɗa min inda na ɓata."

Kullum haka, har gefen kofin ya fashe. Malam yana huci, Auta tana zuba masa ɓarna da murmushi. Takan koma ɗaki ta share hawaye, washegari ta dawo.

Ran da abin ya ishe shi, ya jefar da cokalin a kan bargo, ya buɗe baki da Turanci yana yi mata faɗa. Kalmomin suka fito a jagule, wata ta rigayi wata, wata ta ɓace a hanya. Amma Auta ta gane duka: cewa yake ba haka ya koya mata ba.

Da ya kai ƙarshe, sai kunnensa ya ji abin da bakinsa ya yi. Ya lalubo cokalin, ya miƙa mata, ya nuna kofi. Wato shi ma ta buga masa, tunda ya yi kuskure.

Auta ta karɓa, ta tsoma shi a shayin, ta juya sukari a hankali, ta kai kofin bakinsa.

"Na gane ka, Baba. Ci gaba, ina ji."

Yanzu Malam yana magana, ko da yake da ɗan ja. Duk baƙon da ya zo dubiya sai ya nuna ta da haɓa ya ce, "Kun ga wannan? Ita ta buɗe min baki. Ta fi ni iya koyarwa." In Auta ta tsokane shi da tsohuwar dokarsa, sai ya ce, "Ki rufe da abin da kika ga dama, ke dai kada ki yi min shiru."

Darasi: 'Ya'yana, ilimi abin alfahari ne, amma ba sanda ba ne. Ka bar mutum ya gama maganarsa kafin ka gyara masa, don wata rana kai ma za ka nemi mai sauraronka da haƙuri. In akwai mai cokali a gidanku, ku tura masa wannan ya karanta.