Sallau da Zanen da Ya Tara Jama'a

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, ana ce masa Sallau. Bawan Allah ne, ba ruwansa. Aikinsa fitar da zanen atamfa a kwamfutar maigidansa, Alhaji Maikano. Ku saurara ku ji yadda ake yi: ba da hannu yake zanawa ba. Hoton igiyar ruwa zai ɗauko, ya ɗora masa hoton saƙar tabarma, sai wani kati da ke cikin na'urar ya gauraya su, ya haifo siffar da ba wanda ya taɓa gani.

Ran nan da hantsi ya ɗora wannan kan wancan, sai ga siffa ta fito kamar sunan Allah da Larabci. Sak!

Alhaji ya leƙo, ya ƙwala kabbara. Kafin azahar shago ya cika maƙil, ana cewa Sallau waliyyi ne. Alhaji ya ja shi gefe ya ce, "Ka ce da kansa ya bayyana. In ka faɗi wani abu daban, ka bar mini kwamfutata."

Jama'a, ita ce abincinsa fa! Ita ce abincin iyalinsa. Tsoro ya kama Sallau.

Sai ga wata tsohuwa mai ciwon ido ta kutso, ta shafa gilashin kwamfutar, ta shafa a idonta. Ta ce, "Ɗan nan, na fasa zuwa asibitin gobe."

Innalillahi! Sallau ya ce, "Iya, tsaya."

Ya janye hoton tabarma, siffar ta ɓace. Ya mayar, ta dawo. Ya ɗan karkata shi, ta koma ganye. Jama'a na kallo, baki a sake.

Ya ce, "Wallahi ba karama ba ce. Hoto biyu na haɗa. Iya, ki je asibiti."

Waɗanda suka sumbaci hannunsa ɗazu, su suka fita suna tsaki. Alhaji ya zare wayar kwamfutar, ya nuna masa ƙofa. Washegari Sallau ya raka tsohuwa asibiti, ba shi da aiki.

To, gaskiya ke nan, 'yan'uwa: ka faɗe ta ko da ƙaryar ta sa rigar addini, ko da kai za ta ɗaukaka. Ku fa? Hoto nawa kuka tura a wayoyinku makon nan, kuna "Allahu Akbar", ba ku bincika ba? Ku ji tsoron Allah. Wata tsohuwa tana can tana shafawa a ido.