Minjirya da Mai Bin Ta

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu sha.

Minjirya, kifin nan mai wuta a jiki, ta kwana uku ba ta ci ba. Duk inda ta juya sai ta ji zirr, ta arce.

Ta sami Kwaɗo. "Malam, wani na bi na. In na tsaya, ya tsaya."

"Baiwar Allah, wutar jikinki ce. Ki daina sauraronta."

"To wa nake gudu?"

"Kanki."

Ta natsu, ta kau da nata zirr ɗin. Sai ta ji wani motsi daban: ƙirjin Kwaɗo na dakan uku-uku.

"Malam, wannan fa? Shi ma nawa ne?"

Kwaɗo ya dubi faɗin bakinta. "Naki ne," in ji shi, ya daka tsalle ya haye tudu.

Ƙurunƙus, kan ɗan kwaɗo.