Ranar da Ban-Yarda-Ba Ya So A Ce An Yi Masa Sata

Akwai wani mai buga katin biki da 'yan layinsu suke kira Ban-Yarda-Ba. Ko sallama ka yi masa sai ya leƙa bayanka ya ga wa ya aiko ka.

Duk arzikinsa yana cikin wata tsohuwar kwamfuta a kusurwar shago: zanen katunan da ya yi shekaru yana tsarawa da hannunsa.

Sai kwamfutar ta fara gardama. Kamfanin da ya yi manhajar da ke tafiyar da ita ya daina kula da tsohon samfurin, kullum sai saƙon a sayi sabo, ga nauyi kamar jakin da ya gaji.

Ƙanwarsa, malamar kwamfuta ce a wata makaranta, ta ce za ta saka masa wata manhaja mai suna Linux.

"Kyauta ce, Yaya. Kowa yana da 'yancin amfani da ita, har ya duba yadda aka gina ta."

"Kyauta? Su waɗanda suka yi ta iska suke ci?"

Da ƙyar ya amince, don aiki ya tsaya. Ta fito da wata 'yar ma'ajiyar bayanai, wato filash, daga jaka ta ce bari ta fara kwafe zanen, saboda tsaro. Nan take ya dafe kwamfutar da hannu biyu. Mijinta ma katin yake bugawa a ƙarshen layi, ai shi Ban-Yarda-Ba ba yaro ba ne.

"Mayar da abin nan jakarki."

Ta mayar, ranta a ɓace. Ta lallaba ta ware wa zanen wurinsu a cikin kwamfutar, ta saka sabuwar manhajar ba tare da ta taɓa ko ɗaya ba.

Kwamfuta ta dawo tana gudu. Wani zai yi godiya, amma ban da mutuminku. Idan ƙanwar ta zo sabunta manhajar, ya ga rubutu yana zuba a baƙin allo, sai ya ce a ransa: shi ke nan, ana kwashe masa kaya.

Rannan ya ga wani kati daga shagon mijin ƙanwar da fure a gefe, mai kama da nasa. Furen da rabin masu buga kati suke amfani da shi! Bai tambayi kowa ba, ya naɗe kwamfutar a zani ya kai wa wani mai gyara a can nesa.

"Goge duk abin da ke ciki, ka mayar min da irin ta da."

"Duka? Alhaji, kana da kwafin kayanka a wani wuri?"

Ban-Yarda-Ba ya ƙanƙance ido. Wato shi ma so yake ya san inda kayan suke.

"Ba ruwanka. Yi abin da na ce."

Mai gyara ya yi abin da aka ce. Shi kuwa Ban-Yarda-Ba a tunaninsa manhajar ce kawai za ta tafi. Da ya koma shago ya kunna, babu zane ko ɗaya.

A guje ya isa gidan ƙanwar, ko takalmi bai cire daidai ba.

"Auta, don girman Allah ki ce min kin kwafa a ɓoye. Wallahi ba zan yi fushi ba. Ko mijinki kika ba, ki faɗa min."

Ta girgiza kai.

"Yaya, ka ce kada in kwafa. Ban kwafa ba."

Ya zauna a bakin ƙofa. Tunda yake bai taɓa roƙon Allah ya sa an cuce shi ba sai ranar, kuma aka ƙi cutarsa.

Darasi: Yin hattara daban, zargin kowa daban. Idan ba ka gane abu ba, ka tambaya kafin ka yanke hukunci, kuma ka adana kwafin aikinka tun kafin ka taɓa kwamfutarka. Ku tura wa wani Ban-Yarda-Ba da kuka sani, ko da zai ce da wata manufa kuka turo.