Dukiyar da Ba-Ciniki Ya Kulle a Kansa

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, da ya buɗe ido ya tarar da kansa a gadon asibiti. Robar ƙarin ruwa a hannu, baki ya karkace, ɓarin jikinsa na dama kamar na aro. Abin da ya fara shiga kunnensa muryar ƙanensa ce a bakin ƙofa, yana waya, yana cinikin motarsa.

"Wallahi injin lafiya lau yake, ban daɗe da sa mata tayoyi ba. Ka ƙara wani abu, ranka ya daɗe. Yayana ne a kwance."

Motar nan ta ƙanen ce, tasi ce da yake haya da ita. Ita ce abincin ƙanen da na 'ya'yansa da na mahaifiyarsu tsohuwa. Shi kuwa na kan gado ya san abin da duk danginsa ba su sani ba: yana da dukiyar da za ta sayi irin motar nan har a rasa wurin ajiye su. Harshensa ya yi nauyi, amma zai iya cewa "bari". Ba ciwo ne ya hana shi ba. Kunya ce. Sai ya mayar da idonsa ya rufe, ya yi kamar bai farfaɗo ba.

Me ya kawo shi nan? Bari mu koma baya.

Kayan wuta yake sayarwa: waya, soket, ƙwan fitila, makunni. Allah ya buɗa masa, masu gini suna layi a shagonsa. Amma ko gaishe shi ka yi, kafin ya amsa sai ya ja tsaki ya ce, "Ba ciniki." Ranar da aka kwashe masa kaya, ba ciniki. Ranar da ya rasa lokacin cin abinci don jama'a, ba ciniki. Har sunan ya bi shi. 'Yan layinsu suna cewa, "Ba-Ciniki, yau ma asara aka tafka?" Ya ce, "Ku dai bari."

Damuwarsa ɗaya ce: ina zai ɓoye riba? Fili ana gani. Gida ana nunawa. Banki yana aiko saƙo, mata kuma tana iya leƙawa. Ga ƙane, ga uwa, ga masu tunatar da shi zakka.

Maƙwabcinsa a kasuwa mai sayar da fankoki ne, kowa Mai Fanka yake ce masa. Wata rana ya ga Mai Fanka ya biya kuɗin kaya a wata ƙasa yana zaune a kan benci. Ya tambaya. Aka ce masa kuɗin kirifto ne, kuɗin da ba ya zama a banki, ba shi da manaja, ba shi da ofishi. Idon Ba-Ciniki ya yi haske.

Mai Fanka mutumin kirki ne, ya koya masa tsakani da Allah. Ya buɗe masa asusu a waya. Wasu kalmomin Turanci goma sha biyu suka fito. Ya ce, "Ka ga waɗannan? Su ne mabuɗin. Waya ƙofa ce kawai, in ta ɓace ka sayi wata, ka zuba kalmomin a jere, dukiyarka ta dawo. In kalmomin suka ɓace, shi ke nan, ba wanda za ka kai wa ƙara. Kada ka ɗauke su hoto. Ka rubuta da hannunka a takarda biyu, ka ajiye a wuri biyu. Sannan ka samu mutum ɗaya da ka yarda da shi, ya san inda suke, don rai ba a hannunmu yake ba. Wa ka yarda da shi?"

Ba-Ciniki ya ce, "Ni."

Mai Fanka ya yi dariya, ya zaci wasa ne.

Daga ranar, duk abin da ya shigo can yake tafiya. Shago ya rame, asusu ya yi ƙiba. A gida kuwa sai a ƙirga ashana.

Takarda ɗaya ya rubuta, yana yawo da ita a aljihu. Wata rana matarsa za ta yi wanki ta zaro ta. Ta ce, "Baban yara, Turanci aka koma koyo da tsufa?" Ya fizge har ya tsorata ta. Ranar ya yanke shawara: zai haddace, ya ƙone takardar. Ya haddace. Ya ƙone.

To, hadda tana son bita. A ina yake bitar? Nan ne abin kunyar, ya 'yan uwa. Bayan an sallame salla sai ya zauna a sahu, ya sunkuyar da kai, carbi a hannu, leɓe yana motsi. Mutane su fita su bar shi. Dattawa suna nuna shi suna cewa, "Kun ga bawan Allah, talauci bai raba shi da zikiri ba." Alhali mabuɗin asusunsa yake ja a carbi.

Ana nan idon mahaifiyarsu ya fara dushewa. Likita ya ce a yi aiki da wuri. Ƙanen nan direba, wanda suke kira Auta, ya zo shago ya tsaya yana murza makullin mota a hannu. Ya ce, "Yaya, ko rabi ne ka kawo, ni in nemo rabi."

Ba-Ciniki ya jawo aljihun tebur ya nuna masa 'yan canji. Ya ce, "Gani ya kori ji, Auta. Ba ciniki." Kuma a safiyar nan ya duba wayarsa, ya ga abin da ke ciki, har ya yi murmushi.

Auta ya koma kan titi, yana fita da sassafe, ba hutu, ba ranar gida. Kafin ya haɗa kuɗin, ido ɗaya ya tafi, ɗayan sai inuwa. Da Ba-Ciniki ya je gaishe ta, ita ce ma take rarrashinsa. Ta lalubo kansa ta dafa, ta ce, "Kada ka sa wa ranka damuwa, Babba. Na san da kana da shi da ka yi. Allah ya buɗa maka kasuwa."

Ya ce amin. Da wane baki? Da bakin nan dai.

Sai ranar da ya miƙa hannu zai sauko da kwalin ƙwan fitila, duniya ta juya masa, ya zube a tsakar shago. Hawan jini. Ya daɗe da shi bai sani ba, don a ganinsa awo ɓarnar kuɗi ne.

Mun dawo gadon asibiti ke nan.

Ya ji ciniki ya faɗa. Ya ji Auta ya ce, "Na sallama." Ko a lokacin, da ya buɗe baki, da an fasa cinikin. Amma Shaiɗan ya zauna masa a gefen gado ya ce: in ka faɗa yanzu, za su tambaye ka tun yaushe. Ka bari ka warware. Ka cire a ɓoye, ka ce wani aboki ne ya tausaya, ka sayo wa Auta sabuwa fil, har a yi maka godiya. Kun ji? Yana kwance tsakanin rai da mutuwa, wata ƙaryar yake ɗinkawa.

Aka tafi da mota. Aka biya asibiti. Aka dawo da shi gida a kujera mai taya, aka kwantar da shi a falo kusa da taga. Maganarsa ta fara dawowa sannu a hankali. Jimlar farko da ya haɗa ita ce, "Ina wayata?"

Matarsa ta sunkuyar da kai kamar mai laifi. Ta ce, "Ka yafe ni, Baban yara. Ranar da ka faɗi, a asibiti sun ce ba za su yi hoton kai ba sai an biya. Na duba gidan nan kaf, ba komai, kamar yadda kake faɗa kullum. Na kai ta wurin masu waya. A gabana suka share ta tas."

Gabansa ya faɗi, sannan ya tuna. Ai waya ƙofa ce. Mabuɗi yana kansa.

Ya sa aka kira Mai Fanka. Ya ce a ba su wuri. Mai Fanka ya fito da waya ya ce, "Bismillah, faɗo su a jere."

Ta farko ta zo. Ta biyu ta zo. Ta uku ta zo da ƙyar. Daga nan sai fili fetal, kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Ya sake farawa. Wasu suka leƙo daga can ƙarshe, ba a inda suke ba. Ya ce a ba shi carbi, ko yatsu za su tuna abin da kai ya manta. Hannun da ya saba jan carbin da shi, shi ne ya shanye. Suka jera, waya ta ce ba haka ba. Suka juya, ta ce ba haka ba. Gumi ya jiƙa masa riga.

Ya ce, "Kira su."

Mai Fanka ya ce, "Su wa? Ai abin da ya burge ka ke nan tun farko. Babu su."

Abu ɗaya ya iya yi masa. Da yake sun taɓa tura wa juna kuɗi, yana da lambar asusun, ya buɗe ya nuna masa. Ga dukiya nan cif, ba abin da ya taɓa ta. Ana gani, ba a ɗauka.

A nan ne dabara ta ƙare wa mai dabara. Mai Fanka gani ɗaya ya yi wa kalmomin tun ranar farko, bai riƙe ko ɗaya ba. Mutum ɗaya ne a duniya ya taɓa ganin takardar nan ban da shi. Ya ɗaga murya ya kira matarsa. Ta shigo. Bayanta Auta ne, ya zo a ƙafa, takalmi duk ƙura, yana riƙe da hannun tsohuwa ya kawo ta dubiya.

Ba-Ciniki ya so ya haɗiye tambayar, amma kwaɗayi ya riga kunya fita. Ya ce, "Takardar nan... da kika gani a aljihuna. Kin tuna abin da ke ciki?"

Ta ce, "Ta Turancin? Ina na iya? Wai ta mece ce?"

Mai Fanka ya zuba wa tabarma ido. Wayarsa tana nan a buɗe a kan cinyar Ba-Ciniki. Auta ya matso ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Direba ne, ya san lissafi.

Ya ce, "Na wane ne wannan?"



Ya ƙara da cewa, "Tun yaushe?" Ya sake cewa, a hankali, "Tun kafin idon Inna?"

Ba-Ciniki ya juya fuska bango. Hawaye yana bin karkataccen bakinsa, bai ko share ba. Matarsa ta dafa ƙofa ta sulale ƙasa. Ta tuna kunyar da ta sha a makarantar yara kan kuɗin makaranta, da rigar da ta yi ta juyawa ciki waje.

Kowa ya jira abin da tsohuwa za ta ce. Da ta zage shi da ya ji sanyi. Da ta yi kuka da ya samu abin roƙo. Sai ta ce, "Ku ba shi ruwa, kada jininsa ya sake hawa." Ta miƙa hannu cikin iska ta ce, "Auta, mai da ni gida."

Auta bai daina zuwa ba. Shi yake ɗaga shi, shi yake masa wanka, shi yake juya shi kada baya ya yi gyambo, sannan ya wuce tasha ya jira ko wani zai ba shi mota ya yi lodi ɗaya. Bai taɓa tayar da maganar ba. Abu ɗaya ne ya canza: "Yaya" ya fita daga bakinsa. "Sannu" kawai, sai "ɗaga hannu". Ba-Ciniki ya ce da za a ba shi zaɓi, da ya zaɓi mari.

Ya 'yan uwa, ban tsaya nan don in yi fatawa a kan kuɗin kirifto ba, wannan malamai suna da maganarsu, ku je ku tambaya. Kuɗin bai cuce shi ba. Ɓarawo bai shiga masa ba. An koya masa daidai, ya ɗauki abin da ya yi wa rowarsa daɗi ya zubar da sauran. Ya gina katanga don kada uwarsa ta leƙo, da ya waiwaya sai ya ga shi ma a waje yake.

In kana da irin wannan ajiya, ka rubuta mabuɗinka, ka adana shi inda wuta da ruwa ba za su ci ba, ka bar wasiyya a hannun amintacce. Kanka ba akwatin ƙarfe ba ne, jijiya ɗaya ce tsakaninka da mantuwa. Amma kafin duk wannan ka tambayi zuciyarka: daga ɓarawo nake ɓoyewa, ko daga masu haƙƙi? Ka fitar da zakka. Ka dubi iyayenka tun suna iya ganinka. Kuma wanda Allah ya ba shi ya ce bai ba shi ba, ya ji tsoron ranar da maganarsa za ta zama gaskiya.

Kada ku zaci abin ya tsaya nan. Zance ya fita, ya zaga kasuwa, ya shiga kunnuwan da ba su kamata ba. Ana nan wata ranar da hantsi, Auta ya tafi tasha, aka yi sallama a ƙofar gida. Matar ta leƙa. Wani mutum ne fes-fes, ƙamshin turare, jakar kwamfuta a kafaɗa, murmushi har kunne. Ba ta taɓa ganinsa ba.

Ya ce, "Hajiya, an ce kuna da asusun da ya ƙi buɗewa. Aikina ke nan. Abin da nake so kawai maigida ya faɗa mini kalmomin da ya tuna, sauran ku bar mini. Sai ɗan abin somin aiki. Na ji akwai shago, ko?"

Jikinta ya ba ta. Ta kama ƙofa za ta tura. Sai ga murya daga falo, a karkace, tana rawa, amma kowace kalma ta fito sarai:

"A shigo da shi."

Ya Allah, kada ka sa dukiyarmu ta zama abin jin kunyarmu. Kada ka bar mu da wayonmu. Ka ba mu ikon faɗin gaskiya tun harshe yana juyawa. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye iyayenmu daga rowar 'ya'yansu. Amin.